TAMA, TSATSAR DA KE CIKIN ƘASA

Kowa a cikinmu ya taɓa mance fartanya a gona da damina. In ka koma bayan mako guda, sai ka tarar bakinta ya yi ja-ja, wani wuri kuma rawaya. Wannan ita ce tsatsa. Abu uku ne ke haɗuwa su haife ta, watau ƙarfe da iska da ruwa.

To, jama'a, ku sani ƙasa ma tana tsatsa. Duwatsu irin waɗanda suka kewaye garin Dutse akwai ɗan ƙarfe a jikinsu. Shekara da shekaru ruwan sama na dukansu, rana na gasa su, suna rududdugewa kaɗan kaɗan. Ruwa ya kan ɗauki ƙarfen ya gangara da shi cikin ƙasa. Da rani in ƙasa ta bushe iska ta shiga, sai ƙarfen ya yi tsatsa ya dunƙule. Haka marmara ke samuwa. Inda ƙarfen ya taru da yawa, dutsen ya yi nauyi, shi mu ke kira tama.

Masana sun ba irin wannan tama mai ruwa a jiki suna limonait. Babban abin da ke cikinta su kan ce masa gotait, sunan da aka sa masa a shekarar 1806 don girmama wani marubucin Jamus, Goethe. In gotait ba shi da gauraye, a cikin awo 100 wajen awo 63 ƙarfe ne zalla.

Ina a ke samunta? Ku duba ramin da a ke haƙar burji don gyaran hanya. Ku duba ƙasar da mai haƙar rijiya ya fitar. Ku duba bakin fadama, inda ruwa ke tsattsafowa ya bar wani abu ja kamar kunu. A jigayi yashi ya rufe ta, sai an yi haƙa mai zurfi. A nesa da mu kuma akwai ta jibge a tudun Agbaja, kusa da Lokoja.

Ga yadda za ku gane ta. Ku sami fasasshen tangaran, ku goga dutsen a bakin karayar. In ya bar zane rawaya mai duhu, ita ce. Sa'an nan ku jefa shi cikin garwashi, ku ja da baya. In ya huce za ku ga ya koma ja, domin wuta ta kore ruwan da ke jikinsa. Dalilin da ya sa tukunya ke yin ja bayan an gasa ta ke nan.

Kakanninmu sun san darajar wannan dutse. Su kan gina murhu na yumɓu, su jera tama da gawayin ƙirya, su hura wuta har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Da shi maƙera suka ƙera garma da lauje da gatari. Labarin da muka gada ya ce maƙera ne daga Gaya, maƙwabtanmu, suka tafi Dutsen Dala neman tama, suka zauna can. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, ƙarfen waje ya yi arha, sana'ar narka tama ta mutu sannu a hankali.

Amma akwai abin da ya kamata manomi ya ji tsoro. Muddin ƙasar noma tana rufe da marmara, tana nan da ɗan laushi, ba ta cutar kowa. In aka sare itatuwa, aka ƙone karan gona, ruwa da iska suka kwashe ƙasar sama, sai marmara ta fito fili. Rana ta buge ta, ta taurare kamar daɓe. Daga nan ba ta sake yin laushi. Garma ba ta kama ta, saiwar gero ba ta ratsa ta, ruwa kuma sai ya bi ta kai ya wuce. Gonar da uba ya ci, ɗa ba zai ci ba.

Saboda haka in ka fara ganin jar tsakuwa tana yawa a gonarka, ƙasa ce ke yi maka gargaɗi. Ka yi kunya a gicciye, kada ka bi gangare. Ka jera duwatsu inda ruwa ke gudu. Ka kai taki, ka bar kara ya ruɓe, ka ƙyale gawo ya girma. Rigakafi ya fi magani.

Mako mai zuwa kowa ya zo aji da dutse ɗaya daga gonarsa. Za mu gwada shi tare, kowa ya rubuta sunan wurin da ya samo shi da hannunsa.