Yadda gajeren fim ke buɗe wa masu otizim ƙofar zama darakta

Jorge Gutierrez yana da kimanin shekara 40 lokacin da likitoci suka shaida masa cewa yana da otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga. Sai da aka fara gano ta a jikin ɗansa, sannan shi ma ya je aka duba shi.

A lokacin ya riga ya yi suna a duniyar finafinan zane. An haife shi a birnin Meksiko a 1975, ya tashi a Tijuana, ya kuma yi karatu a kwalejin fasaha ta CalArts da ke Kalifoniya a Amurka.

Gajeren fim ne ya fito da shi. Carmelo, wanda ya shirya yana ɗalibi, ya ci kyautar Emmy ta ɗalibai a 2001. Daga nan ya kai ga shirin El Tigre na tashar Nickelodeon a 2007, sai babban fim ɗinsa The Book of Life a 2014.

Bayan ya san halin da yake ciki, ya sake komawa gajeren fim. A 2017 ya rubuta tare da ba da umarnin Son of Jaguar, labarin wani ɗan kokawa mai rufe fuska da ƙarfinsa ya fara ja baya.

Wa ke ba da labarin?

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma da aiki. Yana shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a da yadda yake jin sauti ko haske ko taɓi. Wasu masu shi ba sa magana da baki kuma suna buƙatar taimako kullum, wasu kuwa na aiki, suna aure, suna riƙe gida.

Shekara da shekaru, waɗanda ba su da lalurar ne ke rubuta labarin masu ita. Fim ɗin Rain Man na 1988, wanda Dustin Hoffman ya ci kyautar Oscar da shi, ya sa mutane da dama sun ɗauka duk mai otizim gwanin lissafi ne na ban mamaki, alhali kaɗan ne ke da irin wannan baiwa.

A 2021 kuma aka yi ca a kan mawaƙiya Sia saboda fim ɗinta Music. Ta bai wa Maddie Ziegler, wadda ba ta da otizim, matsayin yarinya mai lalurar, aka kuma nuna ana danne yarinyar a ƙasa don a kwantar mata da hankali. Masu fafutuka sun ce hakan na iya hallaka mutum, kuma Sia ta nemi afuwa.

Abin da ake tsoro shi ne iyaye da malamai su kwaikwayi abin da suka gani a allo. Shi ya sa masu otizim ke neman a ba su alƙalami da kujerar darakta.

Me ya sa gajeren fim?

Wurin ɗaukar babban fim wuri ne na hayaniya: fitilu masu kashe ido, ma'aikata rututu, aiki har tsakar dare, ga jadawalin da kan sauya ba zato. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke galabaitar da da yawa daga masu otizim.

Gajeren fim na rage wannan nauyi. Mutane ƙalilan ne ke aikin, kuɗin bai da yawa, kuma idan marubucin shi ne darakta, ba wanda zai juya masa labari. Zai iya zana kowace fitowa a takarda tun kafin ranar ɗauka, ya rubuta wa kowa aikinsa dalla-dalla, ya kuma ware lokacin hutu a wuri maras ƙara.

A fim ɗin zane kuwa, yawancin aikin a gaban kwamfuta ake yin sa, hoto bayan hoto. Aiki ne da ke son haƙuri da lura da ƙananan abubuwa.

Ta wannan hanya Dani Bowman ta bi. Tana da shekara 14 ta kafa kamfaninta DaniMation a 2009, an kuma nuna gajerun finafinanta a taron Comic-Con na birnin San Diego. Yanzu tana koya wa matasa masu otizim sana'ar.

Manyan kamfanoni ma sun fara koyon darasi. A gajeren fim ɗin Loop na Pixar da ya fito a 2020, darakta Erica Milsom, wadda ba ta da otizim, ta nemi shawarar ƙungiyar Autistic Self Advocacy Network, wadda masu lalurar ke tafiyarwa da kansu. Madison Bandy, matashiya mai otizim, ita ta yi muryar jarumar, kuma a gidansu aka naɗi muryar saboda a can ta fi sakewa.

Sai dai kammala fim ɗin rabin aiki ne. Gajeren fim ba kasafai yake mayar da kuɗinsa ba, kuma samun mai zuba jari a na gaba ya dogara ne da shiga taron jama'a a bukukuwan finafinai da iya tallata kai cikin 'yan mintuna. A nan ne masu otizim da yawa ke shan wahala, ko da aikinsu ya fi na kowa kyau.