Tsatsa a jikin bindigar farauta: ba tukunya ba ce, kada a sa mata yashi

Da zarar damina ta zauna a Maraɗi ko Damagaram, musamman cikin watan Agusta, duk ƙarfen da ke cikin ɗaki sai ya fara ja. Masu saida almakashi da kwaɗo sun san wannan asara. Amma yau magana muke a kan bindigar farauta da maigida ya rataye tun rani, wadda wani lokaci uwargida kan ɗauko don kirki ta darje ta da yashi ko toka. A nan ake ɓarna.

Baƙin nan mai sheƙi da ke jikin bututun ba fenti ba ne. Wata irin baƙar tsatsa ce da maƙera ke sa wa ƙarfe da gangan don ta kare shi daga jar tsatsa, kuma ba ta kai kaurin gashin kai ba. Yashi na kankare ta. Lemun tsami da ruwan khal kuwa cinye ta suke, a bar farin ƙarfe tsirara, wanda zai fi saurin tsatsa.

Kafin komi, mai bindigar da kansa ya buɗe ta, ya tabbata babu harsashi, a kuma kori yara. Sa'an nan a zuba man keken ɗinki a gurbin tsatsar, a bar shi ya jiƙa. Sau da yawa tsumman auduga kaɗai ya isa. In ta ƙi, a nemi soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, a jiƙa shi da mai, a shafa sannu-sannu. Soson wanke-wanke na kasuwa ya yi kaushi ƙwarai. A riƙa share man da ya yi ja, don garin tsatsar ma yana karce ƙarfe. Man gyaɗa kam a bar shi wa miya, danƙo yake yi.

Bindigar gargajiya mai cin albarushi ta fi wuya, domin tokar albarushi na jawo laima. Ita sai an wanke cikinta da ruwa bayan harbi, a busar sarai, a sa mai.

In tsatsa ta yi ramuka, ko ta shiga cikin bututu, aikin ya wuce gida: irin wannan bututu na iya fashewa a hannun mai harbi. Sai a kai wa maƙeri. Kuma kada a aje ta cikin kube na fata ko tsumma duk damina, suna riƙe raɓa. A share gumin hannu, a kulle ta a busasshen wuri, harsashi daban.