Minsharin da ke katse numfashi da lafiyar zuciyar dattawa

A gidajenmu, idan dattijo ya dage da minshari, cewa ake yi barci ya yi masa daɗi. Amma akwai irin minsharin da ke yankewa ɗif, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan mutum ya zabura yana jan iska da ƙarfi. Naman maƙogwaro ne ke saki cikin barci ya toshe hanyar iska. Nan take oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mai barcin ba tare da ya sani ba, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau. Idan haka ta faru sau 30 ko fiye cikin awa guda, likitoci na cewa ciwon ya yi tsanani. Zuciyar da ke shan wannan wahala kowane dare, shekara da shekaru, ba mamaki ta kai ga hawan jinin da ya ƙi jin magani, ko rikicewar bugu, ko shanyewar ɓarin jiki.

A 2009 aka wallafa wani babban bincike a Amurka kan mutum sama da 6,000. Masu tsananin matsalar sun fi sauran haɗarin mutuwa da kusan kashi 46 cikin ɗari, musamman maza 'yan shekara 40 zuwa 70. Abin ɗaure kai, a cikin waɗanda suka haura 70 alaƙar ba ta fito fili ba. Wasu masana na ganin masu raunin zuciya sun riga sun rasu kafin waɗannan shekaru. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin lasisin sakaci ba.

Na'urar CPAP da ke hura iska ta hanci, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostireliya a 1980, tana rage gyangyaɗin rana da matsalar ke jawowa sosai. Sai dai wani gwaji da aka wallafa a 2016 bai nuna ta rage ciwon zuciya da mutuwa ba, wataƙila don marasa lafiyan awa uku da 'yan mintoci kawai suke ɗaura ta a dare.

Sau da yawa mai ciwon bai san yana da shi ba. Wanda ke kwana kusa da shi ne ke ji. Uwargida ko ɗa, idan kun lura numfashin Baba yana ɗaukewa cikin barci, ku faɗa wa likitan da ke duba hawan jininsa, kada ku bari ya sha maganin barci kafin a bincika.