Ɗaukewar jinin al'ada: abin da ya kamata kowace mace ta sani

Ƴar'uwa, idan kin haura shekara 40, wataƙila kin lura jinin al'adarki ya fara canza hali. Wani wata ya zo da wuri, wani wata ya yi jinkiri, wani lokaci ya yi wata biyu ko uku bai zo ba. Mata da dama sukan ɗauka kwantaccen ciki ne, ko sammu, ko iska. Galibi ba haka ba ne. Jiki ne ya kama hanyar daina haihuwa, kamar yadda ya kama hanyar balaga lokacin ƙuruciya. Wannan ba cuta ba ce. Sai dai akwai alamun da bai kamata a zauna da su a gida ba.

Mene ne ke faruwa cikin jiki?

A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu. Su ne ke sakin ƙwai kowane wata, kuma su ne ke samar da wani sinadari mai suna istrojin. Idan shekaru suka ja, ƙwai yakan ƙare, sinadarin kuma ya ragu. Shi ya sa jini ke rikicewa, daga baya ya ɗauke.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55. Ana cewa al'ada ta ɗauke ne idan mace ta cika wata 12 a jere ba ta ga jini ba, alhali ba ciki gare ta ba, ba kuma wani magani ko ciwo ya tsaida shi ba.

Alamun da za ki iya ji

- Zafi ya taso miki farat ɗaya a ƙirji, wuya da fuska, ya yi ƴan mintoci ya wuce.
- Gumi da dare, har tufafi su jiƙe.
- Rashin barci, saurin fushi, damuwa ko mantuwa.
- Bushewar gaba da jin zafi wajen saduwa da miji.
- Ciwon gaɓoɓi da yawan fitsari.

Ba kowace mace ke jin su duka ba. Wata kusan ba ta jin komai, wata kuma takan yi shekaru tana fama.

Yadda za ki taimaki kanki

Bayan ɗaukewar al'ada, ƙashi yakan rage ƙarfi, har ƙaramar faɗuwa ta kawo karaya. Abincin da ke ƙarfafa ƙashi yana kusa da ke: nono, kindirmo, zogale, miyar kuka, wake, riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu. Kada ki bar wa yara da maigida duka, ke ma jikinki yana bukata.

Haɗarin hawan jini da ciwon zuciya yana ƙaruwa a waɗannan shekaru. Ki rage gishiri, dunƙulen magi, sukari da yawan mai. Ki riƙa tafiya da ƙafa kamar minti 30 a rana. Duk sanda kika je likita, ki nemi a auna miki jini, domin hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da alama ba.

Idan zafin jiki yana damunki, ki sa tufafin auduga marasa nauyi, ki sha ruwan randa akai-akai, ki kwana inda iska ke shiga. Ki lura ko goro, shayi mai ƙarfi ko yaji suna tayar miki da shi. Taba kuwa, a guje mata.

Don bushewar gaba, akwai man shafawa na musamman a farmasi. Kada ki cusa ganye, gari ko haɗin da ake talla a kasuwa, domin suna iya kawo rauni da ƙwayar cuta. Idan wahalar ta yi yawa, akwai maganin da ke mayar da sinadarin da ya ragu, amma likita ne kaɗai zai duba ko ya dace da ke.

Ki tuna kuma, muddin ba ki cika wata 12 ba tare da jini ba, kina iya ɗaukar ciki. Idan ba ki kai shekara 50 ba, ana ba da shawarar ci gaba da tsarin iyali har shekara 2 bayan jinin ƙarshe. Ki tuntuɓi ungozoma.

Yaushe ne za ki je likita ba da jinkiri ba?

- Idan jini ya dawo bayan kin yi wata 12 ba ki gan shi ba, ko ɗigo ɗaya ne.
- Idan kina ganin jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari.
- Idan jinin ya yi yawa ƙwarai, ko ya wuce kwana 7.
- Idan kin ji ƙullutu a nono.
- Idan al'ada ta ɗauke tun ba ki kai shekara 40 ba.
- Idan baƙin ciki ya hana ki ci, barci ko aiki.

Alama ta farko ita ce mata suka fi rainawa. Wata takan ce ƙuruciya ce ta dawo. Sau da yawa dalilin ƙarami ne, amma wani lokaci alamar sankarar mahaifa ce ko ta bakin mahaifa. Sankarar da aka gano da wuri ta fi sauƙin magani. Ki fara zuwa cibiyar kiwon lafiya mafi kusa. Idan da bukata, za a tura ki asibitin uwa da yaro na jiha, kamar na Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ko kuma gidan haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai.

Kunya ba ta maganin ciwo. Ki gaya wa maigida abin da kike ji, domin ya gane cewa fushin da rashin barcin ba ƙiyayya ba ce, ya kuma ba ki kuɗin mota idan tafiya likita ta kama. Ki karanta wa abokiyar zamanki ko maƙwabciyarki wannan bayani. Wataƙila tana ganin jini, ta yi shiru.