Na'urar Huda Dutse da Matsayinta a Haƙar Ma'adinai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda na'urar huda dutse take aiki, da kuma dalilin da ya sa har yau ba ta kori nakiya daga ramukan ma'adinai ba.

2.0 Asali da Yanayin Aiki

A shekarar 1952 ne injiniya James Robbins ya ƙera irin wannan na'ura domin aikin madatsar ruwa ta Oahe a Amurka. Siffarta kamar ƙatuwar ganga ce a kwance. A goshinta akwai wani babban faifai mai juyawa, wanda aka jera wa ƙananan fayafayan ƙarfe. Su ne ke danna dutse har ya tsattsage. Daga nan sai bel ya kwashe ɓaraguzan zuwa baya, ita kuwa na'urar ta dafe bangon ramin ta tura kanta gaba.

3.0 Alfanu

Hanyar da aka saba da ita, ita ce a huda dutse, a ɗura nakiya, a tayar, a jira hayaƙi ya fita, sannan a kwashe. Na'urar kuwa ba ta wannan jira. Haka kuma ba ta girgiza dutsen da ke kewaye, saboda haka haɗarin ruftowar rufi a kan ma'aikata yakan ragu. Wannan ne ya sa aka yi amfani da ita a mahaƙar Stillwater da ke jihar Montana, da kuma mahaƙar kwal ta Grosvenor a Ostireliya, inda na'ura mai faɗin mita 8 ta haƙa hanyoyin shiga guda biyu.

4.0 Matsaloli

Sai dai jijiyar ma'adini ba ta tafiya miƙe. Takan karkace, ta yi sama ko ƙasa, alhali na'urar ba ta iya shan kwana mai tsanani. Bugu da ƙari, tana da tsada, haɗa ta yakan ci watanni, kuma idan ta tarar da ruɓaɓɓen dutse ko ruwa mai yawa tana iya maƙalewa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa na'urar ta fi dacewa da dogayen hanyoyin shiga da na iska. Bin jijiyar ma'adinin kansa a cikin dutse mai tauri kuwa, galibi aikin nakiya ne har yanzu.