Hedifon A Zafin Nguru Da Gashuwa

A Nguru da Gashuwa, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, mai neman babban hedifon don doguwar hira da rediyo a gida ya kamata ya fara duba soson da ke rufe kunne. Wanda aka lulluɓe da roba mai kama da fata yakan tara zufa tun kafin a gama labaran duniya, da ya kwana biyu kuma sai ya kama ɓarewa. Na yadi ya fi shan iska, ko da yake ƙurar hunturu na maƙale masa, sai an riƙa cirewa ana wankewa.

Sai batun ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba desibel 80, awa 40 a mako. Wanda ya zarce haka yana iya rasa jinsa sannu a hankali, ba kuwa ya dawowa.