Ƙwallon ƙafar mata na bunƙasa a Afirka, amma hanyarta zuwa Tamanrasset na da nisa

Ranar 13 ga watan Yulin 2025, a birnin Kasabalanka na ƙasar Maroko, 'yan matan Aljeriya suka kara da na Najeriya a gasar cin kofin nahiyar Afirka ta mata, aka tashi canjaras, babu ci. Ga wanda bai san tarihin ƙasashen biyu a wannan fage ba, wasa ne kawai da ba a ga ƙwallo a raga ba. Ga Aljeriya kuwa babban labari ne, domin da wannan sakamako ta tsallake zagayen rukuni karon farko a tarihinta. Wasa huɗu ta buga a gasar ba tare da an zura mata ƙwallo ko ɗaya ba, sai a bugun fenariti Ghana ta fitar da ita a zagayen kwata-fainal. Najeriya kuma ta wuce har wasan ƙarshe, inda Maroko mai masaukin baƙi ta fara cin ta biyu, ta farke duka ta ƙara ɗaya, ta ɗauki kofin karo na goma.

Hausawan Tamanrasset na da rabo a ɓangarorin biyu na wancan wasa. Ɗaya ƙasar da suke zaune ce, inda da yawansu suka haifi 'ya'yansu, ɗayar kuma ƙasar da wasunsu suka fito, ko suke da dangi da abokan ciniki. Sai dai yarinyar da ke tasowa a wannan gari na tsaunukan Ahaggar, in har tana sha'awar taka leda, tsakaninta da filin Kasabalanka akwai matakai da yawa, kuma ba gwaninta ce kaɗai ke kai mutum ba.

Yadda abin ya girma

Shekarun da aka yi ana buga manyan gasannin mata ba su da yawa. A Ingila, inda aka tsara dokokin wasan, hukumar ƙwallon ƙasar ta hana mata wasa a filayenta tun 1921, ba ta janye ba sai 1971. Gasar cin kofin duniya ta mata ta farko an yi ta ne a Sin a 1991 da ƙasashe 12, Najeriya ce kaɗai daga Afirka. A 2023, da aka yi ta a Ostareliya da New Zealand, ƙasashe 32 ne suka shiga, kuma uku daga Afirka, wato Najeriya da Maroko da Afirka ta Kudu, suka kai zagaye na biyu. Kuɗin kyautar ya tashi daga dala miliyan 30 a 2019 zuwa miliyan 110. Har yanzu kwata ne na miliyan 440 da aka raba wa maza a Katar a 2022, amma FIFA ta ce kowace 'yar wasa za ta samu aƙalla dala 30,000, kuɗin da a yawancin ƙasashen Afirka ya fi albashin shekaru. Brazil ce za ta karɓi baƙuncin gasar 2027, daga 2031 kuma ƙasashen za su zama 48.

A Afirka ma haka. Gasar nahiyar ta daɗe da ƙasashe takwas, ta koma 12 a 2022, hukumar CAF kuma ta ƙara su zuwa 16 daga gasar 2026. Kyautar zakara an ninka ta zuwa dala miliyan ɗaya a gasar da Najeriya ta ci. Abin da ya fi wannan tasiri, ko da yake bai kai shi amo ba, shi ne gasar zakarun kulob-kulob ta mata da aka soma a Masar a 2021. Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ce ta fara ɗauka, AS FAR ta Maroko ta karɓa a 2022, Sundowns ta maimaita a 2023, TP Mazembe ta Kwango ta ci a 2024. Tun da aka samu wannan gasa, kulob ɗin da ya zama zakara a gida ya san akwai inda za shi. CAF ta kuma sa sharaɗi cewa duk ƙungiyar maza da ke son lasisin shiga gasanninta sai ta mallaki ƙungiyar mata. Wannan doka guda ta haifar da ƙungiyoyi fiye da yadda tarurrukan wayar da kai suka yi cikin shekaru, ko da yake wasu an kafa su ne don cika sharaɗi kawai.

Aljeriya: gasa ta daɗe, amma a arewa take

Aljeriya ba baƙuwa ba ce a wannan harka. An fara gasar mata ta ƙasa a 1998, lokacin da ƙasar ke fama da yaƙin basasar da ake kira shekaru goma na baƙin ciki, JS Kabylie ce ta fara zama zakara. Kafin nan da shekara guda aka kafa Afak Relizane a garin Relizane da ke yammacin ƙasar, yankin da ya sha kashe-kashe a wancan zamani. Mace ta sa kayan wasa ta fita fili a lokacin ba ƙaramar kasada ba ce. Hassiba Boulmerka, wadda ta ciyo wa ƙasar zinare a tseren mita 1,500 a wasannin Olamfik na Basalona a 1992, sai da ta riƙa atisaye a waje saboda barazanar kisa. Afak ta tsira, daga 2010 kuma ta mamaye gasar shekaru da dama a jere. A 2006 tawagar ƙasar ta ci kofin ƙasashen Larabawa a Iskandariya.

Daga baya manyan ƙungiyoyin maza irin su CR Belouizdad da MC Alger da USM Alger sun buɗe sassan mata saboda sharaɗin lasisi, yayin da CF Akbou ta yankin Kabiliya ta ɗauki kofin gasar a 2024. Duk da haka, cikin zagaye huɗu na farko na gasar zakarun Afirka, babu ƙungiyar Aljeriya da ta tsallake wasannin share fage na yankin arewacin nahiyar. Kullum na Maroko ko na Masar ne ke wucewa. Maroko tun 2020 hukumar ƙwallonta ta ɗauki nauyin biyan albashin 'yan wasan mata a manyan rukunoni biyu na gasarta, kuma an ga amfanin haka, tunda sau biyu a jere tana kai wa wasan ƙarshe na Afirka.

Aljeriya ta bi wata gajeriyar hanya. Ta ɗauko Farid Benstiti, wanda ya taɓa horar da matan Lyon da na PSG, shi kuma ya gina tawagarsa galibi da 'yan matan da aka haifa aka kuma horar a Faransa, irin su Ghoutia Karchouni da ta ci Botswana, da mai tsaron raga Chloé N'Gazi. Ba laifi ba ne, doka ta yarda, kuma Aljeriya ce ma kan gaba wajen matsa wa FIFA ta sassauta dokar sauya ƙasa a 2009. Amma abin da hakan ke nufi shi ne, yarinyar da ta tashi a unguwannin Marseille ta fi ta Tamanrasset kusa da rigar Aljeriya.

Ga dalili. Daga Tamanrasset zuwa Aljiyas kusan kilomita 2,000 ne a mota. Kano ma ta fi babban birnin kusa, in aka bi ta In Guezzam da Arlit da Agadas da Damagaram. Ƙungiyoyin da ke riƙe da gasar mata, na Relizane da Aljiyas da Akbou da Constantine, duk a arewa suke, inda mota ke kai 'yan wasa ta dawo da su cikin yini guda. Ƙungiyar da ke can ƙuryar kudu kuwa kowane wasan waje sai jirgi da masauki, ko kwana biyu a hanya. Ko a ɓangaren maza, JS Saoura ta Béchar ce ta yi fice daga yankin Sahara a babban rukuni, kuma tana da goyon bayan kamfanin haƙar mai. Inda maza ke kuka da kuɗin tafiya, ba sai an faɗi halin ƙungiyar mata ba. Ga kuma iyaye. Uban da zai bar 'yarsa ta je fili bayan la'asar ta dawo kafin magariba, ba lallai ya bar ta ta kwana uku a wani gari ba.

Batun sutura da yardar gida

Abin da iyaye da yawa ke fara tambaya shi ne kayan da za a sa. A nan dokar duniya ta sauya. An hana wasa da lulluɓi a 2007, aka fara gwajin ɗage hanin a 2012, aka halatta shi gaba ɗaya a 2014. Ranar 30 ga Yulin 2023, Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama ta farko da ta buga gasar kofin duniya ta manya sanye da hijabi, a wasan da suka doke Koriya ta Kudu. Dogon wando na ciki da riga mai dogon hannu su ma an yarda da su. Faransa ce ta fita daban, domin hukumar ƙwallonta na ci gaba da hana hijabi a gasanninta, babbar kotun gudanarwa ta ƙasar kuma ta goyi bayanta a Yunin 2023. Mai dangi a can ya kamata ya san da wannan. Aure da haihuwa ma an taɓo su: tun 2021 FIFA ta wajabta wa kulob ya ba 'yar wasa hutun haihuwa na aƙalla mako 14 tare da biyan ta wani kaso na albashi.

Dokoki dai ba su ke buɗe ƙofar gida ba. Asisat Oshoala, musulma 'yar Legas da ta zama gwarzuwar Afirka har sau shida, ta sha faɗin yadda iyayenta suka ƙi yarda da farko. Najeriya ta ci goma cikin gasanni 13 da aka yi tun 1998, amma ƙarfinta daga kudu yake, wurin ƙungiyoyi irin su Rivers Angels da Bayelsa Queens da Edo Queens. A arewa sunayen da aka fi ji su ne Nasarawa Amazons ta Lafiya da Adamawa Queens ta Yola. Kano da Katsina da Sakkwato, duk da son ƙwallon da ake yi a can, ba su zama cibiyar wasan mata ba. Nijar kuwa ba ta taɓa zuwa gasar Afirka ta mata ba, kuma a gasar yankin yammacin Afirka ta 2019 a Abijan, Najeriya ta lallasa ta da ci 15 da nema. Saboda haka 'yar Bahaushe, ko ta waiwaya kudu ko ta dubi arewa, ƙasar Hausa ba ta cikin wuraren da aka shimfiɗa mata hanya.

Takardu

Akwai shinge na uku da ba a cika magana a kai ba, kuma shi ne ya fi shafar Hausawan da ke zaune a ƙasashen da ba su da rinjaye. Ƙwallon unguwa ba ya neman takarda, amma gasar hukuma sai da lasisi, lasisi kuma sai da shaidar haihuwa da ta zama.

A Aljeriya zama ɗan ƙasa ta jini ake gadon sa. Tun gyaran dokar 2005, uwa ma na iya ba ɗanta kamar yadda uba ke bayarwa. Amma haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta mai da ɗan baƙi ɗan ƙasa. Yarinyar da aka haifa a Tamanrasset, uwa da uba 'yan Nijar ko 'yan Najeriya, baƙuwa ce a idon doka, ko da ba ta taɓa ganin Maraɗi ko Katsina ba.

Daga nan sai sashe na 19 na dokar FIFA kan rajistar 'yan wasa ya shigo. An yi shi ne don hana dillalai safarar yara, shi ya sa ya haramta wa kulob yin rajistar baƙon da bai kai shekara 18 ba, namiji ko mace, sai da wasu dalilai. Ɗaya shi ne iyaye su kasance sun ƙaura zuwa ƙasar don wani abin da ba ƙwallo ba, kamar kasuwanci ko aiki. Wani shi ne yaron ya yi shekara biyar a jere yana zaune a ƙasar. Akwai kuma sassauci ga mazauna bakin iyaka, in gida da kulob kowanne bai wuce kilomita 50 daga iyakar ba, sai dai wannan bai shafi Tamanrasset ba, tunda kimanin kilomita 400 ne tsakaninta da In Guezzam. Dalilai biyun farko sun dace da iyalai da yawa da suka daɗe suna kasuwanci a garin, amma kowanne sai an tabbatar da shi da takarda: izinin zaman iyaye, shaidar makaranta ta shekarun da aka yi, takardar haihuwa. Iyalin da ba su da izinin zama, waɗanda kullum ke fargabar a kwashe su zuwa Assamaka, ba za su kai kansu ofis don neman lasisin ƙwallo ba.

Ga wadda takardunta suka cika kuwa, zama tsakanin ƙasashe na iya zama riba. Dokar FIFA ta ba mai riƙe da shaidar zama 'yar wata ƙasa damar buga mata wasa in a can aka haife ta, ko aka haifi uwa ko uba, ko ɗaya daga cikin kakanni. Wannan ƙofar da 'yan matan Faransa suka bi suka sa rigar Aljeriya, ita ce dai a buɗe ga 'yar Tamanrasset da kakanta ɗan Tawa ne, in hukumar ƙwallon Nijar ta waiwayi 'ya'yanta da ke ƙetare. Da gasar Afirka ta koma ƙasashe 16, ga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da FIFA ta ba Maroko ta riƙa shiryawa kowace shekara daga 2025 zuwa 2029, ƙasashen da ba su da isassun 'yan wasa a gida za su ƙara neman su a waje. Abin da za su fara tambaya kafin su ga yadda yarinya ke taka leda shi ne takardar haihuwarta, domin a gasar matasa ita ce shaidar shekaru.